Bargon Hermelinda

A Ovalle, bayan layin masu gasa burodi,
ina da fili taku tara,
da itacen lemo guda, da igiyar shanya,
da madubin hangen taurari da na saya kwance
shekarar da na ajiye sifana, na bar garejin bas.

In iskar dutse ta sauko, nan nake zama.
Hermelinda kan kawo shayi ta ce,
"Tsoho, me ka ba sama ajiya
da kullum sai ka ƙirga?"
Ba ta taɓa leƙawa ba. Wai wuyanta.

Damina biyu da rasuwarta
hukumar gari ta kafa sanda a jikin katangata,
ta ɗora mata fitila fara fat,
wadda ba ta gyangyaɗi, ba ta ƙiftawa.
Daren farko na fito, na ga inuwata
kwance a kan tumatir kamar tsakar rana.
Na ɗaga kai, sama ta zama ruwan wanki.
Kaza da 'ya'yanta, na nema, na rasa.
Tsuntsun da ke kan lemo ya rikice,
yana kuka ƙarfe biyun dare.

Na yi fushi irin na wanda ba shi da abin yi.
Na rubuta takarda, na bi gida-gida neman sa hannu.
Brunilda ta karanta a bakin ƙofa, ta miƙo mini.
"Eladio, 'yata Yasna sai sha ɗaya take tasowa daga asibiti.
Kai kana neman abin da ke nesa,
ni so nake in ga fuskar mai tahowa a lungun nan."
Na ninke takardar huɗu. Ban da ta cewa.

Sai na buɗe akwatin da na daɗe ina kewayewa.
Bargonta na ulu, baƙi, mai ƙunar dutsen guga a gefe.
Na ƙara wa igiyar shanya gora biyu,
na rataye shi tsakanina da fitilar,
na danne da maƙalai goma sha uku.
Na naɗe bakin tocila da jar ledar alewa
don kada ta kashe mini ido.
Na zauna a inuwar da ba ta fi tabarma ba.

Ido ba ya son gaggawa.
Minti ashirin sai ka ba shi, kamar injin da ya kwana a sanyi.
Ɗaya ta fito. Sai uku.
Sai Mushtari, da ƙananan watanninta a jere
kamar fasinjoji masu jiran motar asuba.
Bargon yana ƙanshin kafur da ɗan abin da ba zan faɗa ba.

Wasiƙa ta biyu gajera ce:
ban ce a kashe ba, na ce a sa mata hula.
Wata huɗu shiru. Ran wata Talata
wani yaro, Nibaldo, ya zo da tsani,
ya ɗaura mata ɓallin ƙarfe ta ɓangarena,
ya sunkuyar da kanta ta dubi titi.
Ya sha ruwan lemo, ya tambaya
ko gaske ne akwai tauraro mai zobe.
Na ce ya dawo da dare. Bai dawo ba.

Yanzu hasken yana zuba inda ƙafa ke takawa.
Ƙarfe sha ɗaya da kwata ina jin takalmin Yasna,
ina jin sakatar Brunilda.
Kaza ta dawo, shida nake gani cikin 'ya'yanta,
laifin idona ne wannan, ba na hukuma ba.

Bargon ba shi da sauran aiki a igiya.
Jiya na je sauke shi,
na cire maƙali biyu,
na mayar.